Kalmar da Zailani Bai Koya Mini Ba

Assalamu alaikum. Liman, Allah ya gafarta Malam. Sarkin Hausawan unguwar New Bell, ranka ya daɗe. Hajiya Rabi'atu da 'ya'yan marigayi, ya haƙuri? Ni ce Tasalla mai ƙosai. An ce in yi magana, tunda na fi kowa tsokanarsa.

Marigayi Zailani ya kasance direban babbar mota, shekara sha ɗaya a Kisangani ta ƙasar Kongo. In ya ɓarke da Swahili a majalisa, mukan ce aljanunsa sun tashi. Muna ta yi masa dariya har yaƙin Kongo ya cinye ɗana Mudi, aka kawo mini jikata Kausar, 'yar shekara biyar, ba Hausa, ba Faransanci, sai Swahili. Tana kukan "maji", ina tura mata ƙosai. Zailani ya leƙo ya ce, "Tasalla, ruwa take nema, kina ɗura mata wake."

Daga nan muka shirya: kalma ɗaya, ƙosai ɗaya. Sai ya ɗora mini abu a hannu, ba zai ci ba sai na faɗi sunansa daidai. "Chakula" abinci, "njoo" zo, "pole" sannu. Na ce, "Tsohon banza, sau uku kana cin ƙosan 'njoo'." Ya ce, "Laifina ne kanki rariya?"

Ya kasance ko a wannan matsi da kowa ke neman na bakinsa, kullum da hantsi yana ƙofarmu. Da shi kaɗai yarinyar ke dariya.

Na taɓa roƙonsa ya koya mini yadda ake cewa mutum ya rasu, don in faɗa mata zancen ubanta. Ya ce, "Da sauran lokaci. Riƙe na abinci tukuna."

Yau kwana bakwai da rasuwar Zailani, kullum tana tsayawa a ƙofa da ƙosai a hannu: "Bibi, Mzee yuko wapi?" Wato, Kaka, ina tsoho? Tambayar na gane ta. Kalma arba'in da biyu gare ni, babu amsar a ciki. Tun shekaranjiya ta daina ci.

Salahuddeen, kai ne babban ɗansa, kana aiki a tashar jiragen ruwa. Don Allah ka tambayi matuƙa. Ku masu mashin da ke zaga unguwannin Akwa da Bépanda, ku kasa kunne. Duk wanda kuka ji da harshen nan, ku ɗauko mini shi, ƙosai har ya gaji.

Na gode da kuka saurari tsohuwa. Allah ya jiƙan Zailani, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Ya kuma aiko mana bakin da zai amsa wa marainiyar nan. Amin.