Ta Goge Min Finafinan Babana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rabi, daga Ajingi.

Marigayi Babanmu ne ya koya min son tsofaffin finafinan Koriya, irin na sarakuna masu dogayen riguna da faɗan takobi. In ya dawo daga gona sai mu baje a tabarma muna kallo a waya, yana faɗa da munafukan fada kamar suna jin sa. Da ya rasu, memorin wayarsa mai finafinan kaɗai na roƙa a bar min.

Da ƙaramar Sallah, Jummai 'yar kawuna ta zo daga Gaya ta ara. Da ta dawo da shi na saka a waya, babu komai sai waƙoƙin rawa. Na kira ta na tambaye ta ina finafinan. Ta ce, "Haba Yaya Rabi, waɗancan tsofaffin? Ai taimakonki na yi." Har da dariya. Na zagaya wajen masu tura finafinai a waya, kowa ya ce ba shi da irinsu.

To, makon jiya wayarta ta faɗa rijiya, kuma bidiyon bikinta a wayata kaɗai ya rage. Yanzu kullum sai ta kira tana magiya. Na ce mata ai ya tsufa, ni ma taimakonta zan yi.

Ban goge ba tukuna, amma wallahi hannuna ƙaiƙayi yake. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in goge yau, ko in bar ta ta ƙara sati tana kuka tukuna? Jummai, na san kina ji.