'Yata na son aikin bayan kyamara

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Idi ne daga unguwar Jarwal a Makka, wanda karatunsa ya tsaya a aji huɗu, shi ma da taimakon bulala.

'Yata Ruƙayya ta gama sakandare bana. Ranar Juma'a ta nuna mini hoton wata Baturiya 'yar Suwidin, wai ta yi suna a fim, sai ta bari ta koma ba da umarni a bayan kyamara, tun zamanin da mata ba sa yi. Ta ce, "Ya Baba, irin karatun nake so in yi a Jidda."

Kaina ya ɗaure. Duniya ta san fuskarki, ki koma inda ba a ganinki, kuma a ce ci gaba ne? Na tambaya ko korarta aka yi. Ruƙayya ta yi dariya ta ce, "Kai fa duk shekara a Mina kana riƙe da tuta, alhazai ku tsaya nan, ku bi can, yalla. Wa ya taɓa ɗaukar hotonka? Amma in ba ka nan, ɓacewa za su yi."

Har na ɗan ji daɗi.

Ranar Alhamis ake rufe ɗaukar ɗalibai, kuma ta ce ba za ta cike takarda ba sai na yarda. Masu sauraro, ku ba ni shawara: gaskiya ta faɗa, ko fasa mini kai aka yi? Ina gaida abokaina na unguwar Kudai. Mai dariya ya tuna shi ma yana da 'ya.