Tocila a Bakin Bindiga

A wani shagon kayan lantarki kusa da Haramin Madina, Alhaji Bature, baƙo daga Gusau, yana jujjuya tocila a gaban mai shagon, Sa'id, Bahaushe haifaffen Madina.

"Wannan za ta ɗauru a bakin bindiga?"

Sa'id ya zaro ido. "Bindiga? A garin Manzo?"

"A'a, can gida. Na sa mata maratayi, saura fitila. 'Yan fashi har ƙofar ƙarfe suke ɓallewa."

"La haula! Da yara a gidan?"

"Ai don su na saye ta."

Aka kira sallah. Sa'id ya yafa ƙyalle a kan kayan, ya nufi masallaci.

"Malam, ba ka kulle ba!"

"Na rufe, ya Hajj."

"Da wannan tsumman? Ga tocilarka a hannuna, ban ma biya ba!"

Sa'id bai ko waiwayo ba. "In mun idar."