Yarinyar da ta ba shi zare

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Hajara ce daga Wudil.

Ina 'yar sakandare nakan je garin Darki hutu, in riƙa fassara wa kakata Inna tatsuniyoyin Girkawa daga littafi tana kaɗin zare. Rannan na ba ta labarin jarumin da ya kashe dodo, ya bi zaren da wata yarinya ta ba shi ya fito daga kogo. Na ce ƙurungus.

Inna ta ajiye mazari. "Ƙurungus ɗin me? Yarinyar fa?"

Na duba littafi. Ashe tana barci ya gudu ya bar ta a tsibiri.

"Ke kin san wahalar zare kuwa? Je ki nemo mini ƙarshenta."

Allah ya yi wa Inna rasuwa ban nemo ba. Masu sauraro, don Allah, ina yarinyar nan ta ƙare? Har yau ban ƙara cewa ƙurungus ba.