Ramin Ragowar Abinci a Bayan Ɗakina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, a gafarce ni da na ci maka lokaci. Hajara ce daga Zango.

Ni dai ba na iya ganin abinci a kwata. Ƙanzo nakan shanya, ƙasari kuwa na awaki ne. Ɓawon albasa da tuwon da ya lalace, rami na haƙa ina zubawa ina rufewa da toka. Maigida har tsokanata yake: "Hajara, kabarin tuwo kika yi mana?" Da bazara shi ya kwashe takin ya kai gona. Alhamdulillahi, geron wurin ya fi na ko'ina.

Yanzu yana so in riƙa haɗawa da kashin awaki, ni kuwa ina tsoron wulaƙanta abinci. Don Allah a tambayar mini malamai, a amsa mini da wuri kafin shuka.