Ɗamarar da Tela Ya Ɗinka wa 'Yarsa

Shugaban taro, shugabar makaranta, malamai, iyaye maza da mata, ina yi muku sallama. Na gode da kuka ba likitar tiyata dama ta yi magana, ko da yake mun fi sabawa da mutanen da aka sa wa barci.

Na zo da labarin wata yarinya da ba na son bayarwa, amma ubanta ne ya ce in bayar.

Tela ne, shagonsa na kallon titi. Autarsa na koyon keke a ƙofar shagon, ta faɗi, hannun keken da robarsa ta cire ya caki cikinta. Ba jini, fata ba ta fashe ba. Sai wani kumburi da ke tasowa in ta yi tari, ya koma in ta kwanta. Uwar ta ce, "Malam, mu kai ta asibiti." Ya ce, "Haba, ɗan wannan? Bari ki ga aiki." Ya hau keken ɗinki ya yi mata ɗamara mai kyau, har da auduga a ciki, ya ɗaure wurin tamau.

Jama'a, ku riƙe abu na farko: fata kan tsira, naman da ke ƙarƙashinta ya yage, hanji ya leƙo ta wurin. Na biyu, in aka zo da wuri, aikin ba wuya, mu mayar da hanjin mu ɗinke wurin, yaro ya koma wasansa. Kumburi bayan faɗuwa, ko amai, ko ciwon da ya ƙi lafawa, kada ku ɗaure, kada ku gasa, ku kawo mana. Ku kuma duba robar kekunan 'ya'yanku.

Sai da Auta ta fara amai aka kawo ta. Muka buɗe, muka tarar hanjin ya shaƙe ya ruɓe. Mun yi iya ƙoƙarinmu, ba ta tashi ba. Har yau abin na ci mini rai.

Da na yi wa uban bayani, ya daɗe yana juya ɗamarar a hannunsa, sannan ya ce, "Likita, ashe yagewa ce? Ni da na san ba a ɗaure yagewa, ɗinke ta ake yi."

Allah ya jiƙan Auta, ya ba iyayenta haƙuri, ya raya mana sauran, ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode.