Gawar Abokina Ta Jira Shugaban Ƙungiya

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni direba ne a filin jirgin Madina.

Ƙanwata da ke Ingila ta ce da hukumar garinsu ta riƙa jinkirta sakin gawa, ƙungiyar Yahudawan unguwarsu ce ta je ta tsaya, ta gayyato Musulmi, don su ma ba sa son mamaci ya daɗe. Aka gyara.

Mu kuwa, abokin ɗakina ya rasu a unguwar Ranuna da ke nan Madina, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, gawarsa ta yi makonni a asibiti. Kullum shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan, wanda ya kamata ya bi takardun sakin gawar, sai ya ce, "Bukura, insha Allah," wato sai gobe. Ranar jana'iza sai ga shi a sahun gaba.

Masu sauraro, mu tsige shi ko mu kafa wata ƙungiyar? Ina gaida mahaifiyar marigayin. Har yau na kasa gaya mata abin da ya faru.